Tirelar da Baba ya bari: in gyara ko in kai wa 'yan gwangwan?

Mai tambaya: Salamu alaikum jama'ar gida. Akwai wata 'yar tirela a bayan gidanmu a unguwar Aboabo da ke Kumasi a Ghana, marigayi Baba ne ya sa aka haɗa masa ita a Suame Magazine, unguwar makanikai, tun ina makarantar allo. Aksul da sifirin ɗinta na wata tsohuwar mota ne. Shekara 6 ke nan tana zaune ruwa na dukanta. Gara ta cinye katakon, har kaji sun mai da wurin gidan ƙwai. So nake in riƙa ɗauko masara da doya daga Ejura, in huta da kuɗin haya. Sidi 3,000 ne a hannuna, har na fara tambayar kuɗin fenti. Ta ina zan kama?

Mai walda: Allah ya jiƙan Baba. Ɗan'uwa, bar zancen fenti tukuna, ba a shafa wa gyambo hoda. Cire ruɓaɓɓen katakon duka, ka ɗauki guduma da sukundireba ka bi ƙarfen kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayye zai yi maka ƙara tangaran, wanda ya mutu kuwa dum za ka ji, ɓawon tsatsa na zubowa. Wuri biyu nake tsoro: inda dogon ƙarfen ja ya haɗu da jikin tirelar, da kunnuwan da ke riƙe sifirin. Can ruwa ke kwana. In sukundireba ta shige, a yanke wurin har sai an kai ga farin ƙarfe, a sa sabo. Kada ka yarda wani yaro ya liƙa maka faci a kan tsatsa don sauƙin kuɗi, a hanya zai ɓalle.

Alhaji mai doya: Yaro, sayar da ita a kilo, ka cika ka nemi aboboyaa, babur mai taya uku na ɗaukar kaya. Tsohon ƙarfe cin kuɗi gare shi.

Mai tambaya: Alhaji, ina sidi 3,000 ina aboboyaa? Ga shi kuma kayan Baba ne.

Wani fita (makaniki): Ɗaga ta da jak ka juya kowace taya. In ka ji gurnani, ko ka girgiza ta ka ji tana rawa, boris ya tafi. Shi dai sayi sabo, ka cika shi da giris. Taya kam ta hannu ma ta yi, amma duba lamba 4 da ke gefenta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Ka samu mai zane raɗau amma ta tsufa, rana ta gama da ita.

Hajiya: Ni maigidana ya taɓa jan irinta. Ƙanena, ka san gangaren Mampong da ke hanyar Ejura? Tirelar da ba birki, ga buhuna a kai, ita ce za ta riƙa tura motarka. Kada ka yi mata lodin haɗama. Nauyi ya fi yawa gaba da tayoyi kaɗan, in ya koma baya sai ta hau yi maka wutsiya. Ka sa sarƙa biyu bayan ƙugiya, ka gyara fitilun baya. Kafin ka kashe ko kwabo ma, leƙa ofishin DVLA, hukumar lasisin tuƙi da rajistar motoci, ka ji abin da suke bukata a kan takardunta.

Kafinta: In ka zo kan katako, je kasuwar katako ta Sokoban. Ban da katakon da ake kira wawa, taushi gare shi, gara ba ta raga masa. Nemi mai tauri, ka shafe shi da baƙin mai, ka bar 'yar tazara tsakaninsu don ruwa ya wuce.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Masta, yanzu na dawo daga bayan gida. Ɓangaren dama lafiya lau, amma kunnen sifirin na hagu sukundireba ta shige har mariƙi. Gobe bayan azahar kana shago?

Mai walda: Ina nan. Kada ka jawo ta a haka, turo hoto tukuna.