Bayan tiyatar ƙarin dubura: jini da kuɓucewar iska sun hana Baba sakat

Mai tambaya, Gangare, Jos:
Assalamu alaikum 'yan uwa. An cire wa mahaifinmu ƙari a dubura a Abuja, aikin da ake bi ta duburar da na'ura mai kyamara ba tare da an farka ciki ba. Kusan mako biyu ke nan, mun dawo Jos. Yanzu yana ganin jini idan ya zaga, iska kuma tana kuɓuce masa, har ya daina zuwa jam'i saboda alwala. Kunya ta sa sai Umma kaɗai ya faɗa wa. Maƙwabcinmu ya kawo maganin basir. Mu ba shi?

Ma'aikaciyar jinya, Rikkos:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah kada a ba shi, kada kuma a cusa komai ta ƙasa. Wannan ba basir ba ne, ciwo ne a ciki da bai gama warkewa ba, wani lokaci ɗinkin kan saki ya jawo jini. Ɗan ɗigo a bahaya yakan faru, amma a kira likitan da ya yi aikin yau. Idan gudaji ne, ko jiri, ko zazzaɓi, ko ciki ya kumbura yana murɗa, ko fitsari ya ƙi fita, ku wuce sashen gaggawa na asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo ko da tsakar dare ne. Yana shan diclofenac, ibuprofen ko aspirin? Suna ƙara zubar jini, a sanar da likita.

Mai tambaya:
Yana shan diclofenac saboda gwiwa, daga kemis. Yanzu zan kira. Na gode, Anti.

Wani dattijo, Bukuru:
Yaro, an yi min irinsa. Na'urar tana buɗa naman da ke riƙe bahaya, shi ya sa iskar. Ga yawancin mutane tana daidaita cikin makonni ko 'yan watanni. Ya yawaita ruwa, gwanda da miyar ganye, kada ya yi yunƙuri. Batun alwala a tambayi malami, addini ya yi wa mai lalura sauƙi.

Ma'aikaciyar jinya:
Kun karɓi sakamakon naman da aka kai gwaji? Shi zai nuna ko an cire ƙarin duka, ko sai an ƙara wani aiki. Ku tafi da shi.