Wane madubi ya dace da duba dutsen sama da ɗaukar hotonsa?

Malamin kimiyya, unguwar Zariya:
Assalamu alaikum. Tun da aka yi gwanjon dutsen nan na duniyar Mars a New York a watan Yulin 2025, wanda aka tsinta a jihar Agadas a 2023 kuma aka sayar fiye da dalar Amurka miliyan 5, ɗalibaina suke kawo mini baƙaƙen duwatsu suna tambaya ko daga sama suka faɗo. Ina so in sayi madubin ƙara girma, ina roƙon waɗanda suka gwada su faɗi abin da suka gani.

Ma'aikacin ɗakin gwajin jini, Tasawa:
Malam, kada ka yi kuskuren da na yi. Na ɗora dutsena a kan madubin da muke duba ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ban ga komai ba sai duhu, domin haskensa daga ƙasa yake fitowa, shi kuwa dutse haske ba ya ratsa shi sai an yanka shi siriri kamar kashi 3 cikin 100 na milimita.

Ɗan kasuwa, Dakwaro:
Ni kuwa na sayi ƙaramin nan da ake jona wa kwamfuta, wanda aka rubuta a kwalinsa cewa yana ƙara girma sau 1000. Rubutun ya fi aikin yawa, kuma fitilun da ke kewaye da bakinsa suna sa ƙarfen cikin dutsen ya yi ta walƙiya har hoton ya ɓaci. Daga baya na koma ga mai ido biyu, wanda ke ƙara girma sau 10 zuwa 40, na haska dutsen daga gefe da fitilar tebur. A ranar na fara ganin ƙananan ƙwayoyin nan masu kama da gero da ake samu a cikin yawancin duwatsun da suka faɗo daga sama, waɗanda ba su cika wuce milimita ɗaya ba, da tsage-tsagen baƙar fatar da zafi ya narkar lokacin faɗowa. Idan hoto kake so, Malam, nemi mai bututu na uku inda ake ɗaura kyamara, domin riƙe salula a bakin idon madubin yana sa hannu rawa.

Ma'aikacin ɗakin gwajin jini, Tasawa:
Gaskiyar Alhaji ne. Sai dai a tanadi leda ko akwatin rufewa, domin ƙurar hunturu ta taɓa shiga gilashin nawa, kowane hoto ya riƙa fitowa da ɗigo a wuri ɗaya.