Bishiyoyi uku sun tsayar min da aikin masana'anta

Mai Fili: Jama'a ku taya ni ji. Wata huɗu ke nan zanen masana'antata na kwance a ofishin masu ba da izinin gini, saboda bishiyoyi uku da ke gefen filin. Wai ba zan taɓa su ba, in kuwa na sare ɗaya sai na dasa wasu a madadinta, sannan in bar zirin fili na shuke-shuke tsakanina da gidajen da ke bayana. Ni da zan ɗauki mutane aiki, ni ake riƙe wa takarda saboda ado!

Injiniya: Ranka ya daɗe, ado fa ka ce?

Mai Fili: Ado mana. In ba ado ba mene ne?

Injiniya: Wancan zirin da kake raina wa shi ke tare ƙura kafin ta faɗa tsakar gidan mutane. Ka shafe fili da kwalta da siminti, ka rufe sama da kwano, ruwan sama ya bi ta ina? Ƙasar da aka bari a buɗe ita ke shanye wani, sauran ya tafi magudana.

Malama: Ni dai a sanina, ado shi ne abin da in an cire shi, kyau kaɗai ke raguwa. Bishiya ba ta shiga nan ba.

Ɗan Kwangila: To Malama, fenti ado ne ko ba ado ba? Kankare shi daga jikin ƙarfe ki ga tsatsa.

Malama: Ai ka taya ni faɗa ke nan, ƙanena. Ashe fentin ma ba ado ba ne.

Ɗan Kwangila: A'a, nufina abu na iya zama ado kuma ya yi amfani. Alhaji bai yi kuskure ba.

Wani Ɗalibi: Shi ai da raini ya faɗa, ba wai ma'anar ƙamus yake nufi ba.

Ɗan Kwangila: Kai yaro, ka shiga zuciyarsa ne?

Injiniya: Ku bar wannan. Barin bishiya a tsaye ma ba shi ne kare ta ba. Yawancin saiwoyinta suna nan sama-sama, ba su wuce zurfin mita ɗaya ba, kuma suna yaɗuwa har su wuce iyakar inuwarta. A Ingila ƙa'idar kare bishiyoyi a wurin gini, BS 5837 ta 2012, cewa ta yi a auna faɗin gangar bishiya a tsayin mita 1.5 daga ƙasa, a ninka sau 12, shi ne nisan da za a killace kewaye da ita. Mai faɗin santimita 50 ke nan tana buƙatar mita 6 ta kowane ɓangare. Ba tifa, ba katafila, ba jibge yashi, ba kwaɓa siminti a ciki.

Mai Fili: Mita 6 ta kowane ɓangare, sau uku! Tirela a ina za ta juya?

Ɗan Kwangila: Kuma mu ba a Ingila muke ba.

Injiniya: Saiwa ba ta san ƙasar da take ba. Kai da bakin magana? Aikin da muka yi tare, ba ƙarƙashin babbar bishiyar nan ka ajiye injin kwaɓa ba, don leburorinka su sha inuwa? Ruwan wankin injin nan ake zubarwa a gindinta, tifofi suka danne ƙasar ta koma kamar daɓe. Ranar miƙa aiki tana nan kore shar, har hoto aka ɗauka da ita. Bayan damina uku ta fara bushewa daga sama, reshe bayan reshe.

Ɗan Kwangila: Tsufa ne ya kashe ta. Ina hujjarka? Kuma tunda tone-tone ake, faɗa wa jama'a wa ke sayar da dashen da kake rubuta wa mutane a zane. Ba surukinka ba ne?

Injiniya: Allah ya isa in na taɓa tura wani wurinsa.

Malama: Subhanallahi, ku manya ne fa.

Wani Ɗalibi: Ni tambayata, dashe mai kaurin yatsa ko guda goma ne, yaushe zai ba da inuwar wadda ta shekara hamsin? Kuma wa zai riƙa ba shi ruwa bayan jami'in duba aiki ya sa hannu ya tafi?

Ɗan Kwangila: Ka gama makaranta tukuna.

Shugaban Zaure: To ya isa haka. Abin da na fahimta, mafi yawanmu sun yarda an zalunci Alhaji, mutumin da na sani shekara da shekaru ba ya karya doka. An kuma tabbatar cewa kalmar ado ba zagi ba ce. Injiniya ya kawo lissafin Turawa, mun gode, amma bai wanke kansa kan maganar suruki ba. Alhaji, Allah ya fito da takardarka. Na rufe.

Injiniya: Shugaba, mafi yawan nan su waye? Ni mutum biyu na ƙirga, kai ne na uku.