Kejin sama ya ƙi yin sanyi, wa ke da dabara?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan zaure, shawara nake nema. Saboda ƙarancin wuri na ɗora kejin macizaina uku hawa-hawa, duka na robar PVC, tsawon kowanne santimita 120. Na ƙasa da na tsakiya mesa mai dunƙulewa (ball python, wata ƙaramar mesa) ce a ciki, na sama macijin masara (corn snake, maciji marar dafi da ake kiwo a gida). Kowane keji da farantin ɗumi na lantarki manne a rufinsa ta ciki, da tamostat ɗinsa daban, wato na'urar daidaita zafi. Tun da na jera su, macijin na sama ya tare a kwanon ruwa, dare da rana. Na auna ɓangaren da ya kamata ya zama mai sanyi, digiri 29 yake nunawa. Na rage tamostat har ƙasa, ko gezau. Ko ya lalace ne?

Mai Mesa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Lafiyar tamostat ɗinka ƙalau. Aikinsa guda ne, ya rage ko ya kashe abin da aka jona masa. Ba ya sanyaya komai. Zafin da ke damunka ba daga farantin kejin sama yake zuwa ba, daga rufin na tsakiya yake ratsowa ta ƙasa. Ko ka zare filogin na sama gaba ɗaya, zai ci gaba da hawowa. Faɗa min, farantin na tsakiya a wane hannu yake, na sama a wane hannu?

Sabon Shiga: Na tsakiya hagu, na sama dama. Da gangan na saɓa su, wai don kada zafi ya taru a gefe ɗaya.

Mai Mesa: To nan gizo ke saƙar! Ka ɗora ɓangaren sanyinsa daidai kan farantin maƙwabcinsa. Dama zafi daga sama, hagu zafi daga ƙasa, ina kake so ya gudu? Shi ya sa ya faɗa ruwa. Waɗannan halittu jikinsu ba ya daidaita zafinsa da kansa, da sauya wuri suke yi: ya je ya ɗumama, ya dawo ya huce. Macijin masara yana son wajen 29 zuwa 30 a gefen ɗumi, gefen sanyi kuma 22 zuwa 24. Kai ka mayar masa da kejin duka gefen ɗumi. Mayar da farantan uku hannu ɗaya, yau ɗin nan in da hali.

Uwar Tsaka: Malam Sabon Shiga, kafin ka kai ga kwance faranti, kashe na tsakiya tukuna. Mesa za ta jure 'yan awanni ba ɗumi in ɗakin ba sanyi ne da shi sosai ba, amma zafin da ya wuce kima ba ya jira. Ni na gani da idona. Tsaka mai tukku na ɗora a can ƙololuwa, don kawai kejinta ya fi sauƙin ɗagawa, ƙarƙashinta kuwa kadangare mai gemu ne, wanda wurin shan zafinsa ke kaiwa 40. Ita kuwa da an haura 28 ta fara shiga wahala. Na dawo da yamma na same ta a ƙasan keji, ta kasa manne wa gilashi, ko motsin kirki ba ta yi. Allah ya taimaka ta farfaɗo. Tun ranar tsarina bai canza ba: mai son zafi a sama, mai son sanyi a ƙasa. A naka lissafin, macijin masara ne ya kamata ya sauko ƙasa, mesa biyu su hau, tunda su gefen ɗuminsu 31 zuwa 32 ne.

Sabon Shiga: Na kashe, Hajiya, na gode. Amma in na daidaita hannun, shi kenan? Wani ya ce in shimfiɗa soso a tsakaninsu.

Kafinta: Soson bari ya zo daga baya. Fara da tazara. Samo sandunan katako masu kaurin santimita 4 ko 5, ka gitta su a kan rufin, ɗaya a kowane ƙarshe daidai inda bango yake, ɗaya a tsakiya. Ta tsakiyar nan kada ka manta da ita, don PVC in ya ɗau nauyi ya kuma sha ɗumi yakan lotsa, sai ka ga gilashin ƙofa ya fara ƙin zamewa. Kada kuma sanda ta faɗo daidai kan faranti. Bar gaba da baya a buɗe iska ta ratsa. In rufi da ƙasa suna haɗe fuska da fuska, zafi kai tsaye yake tsallakawa, in akwai iska mai wucewa kuwa, sai ta kwashe shi ta fita da shi. Ka kuma janye jerin daga bango kamar faɗin hannu, in ba haka ba ramukan iskar baya sun zama ado.

Mai Mesa: Ni fa Kafinta soson ya yi min aiki. Allon soso mai tauri na sa, mai takardar alminiyam a fuska ɗaya, ƙasan kejin sama ya huce sosai.

Kafinta: Ban ce ba ya aiki ba, Yaya. Cewa na yi kada a matse shi tsakanin keji biyu kamar an rufe littafi. Alminiyam ɗin yana mayar da zafi ne in yana fuskantar fili. Da ya manne wa rufi, amfaninsa ya tafi, don shi kansa ƙarfe ne mai ɗaukar zafi. A liƙa allon a ƙarƙashin kejin sama, fuska mai sheƙi tana kallon ƙasa, tazarar kuma tana nan.

Mai Gyaran Wuta: Bari in sa baki kafin wani ya karanta rabin zance ya je ya aikata. Maganar soso ta masu faranti ce. Duk mai amfani da kwan lantarki na tangaram mai ba da zafi ko fitilar zafi a kan rufin raga, soso ya yi nesa da wurin, yana narkewa kuma yana kamawa da wuta. Irin wannan keji ma ba a ɗora masa wani kai tsaye, kanta ake yi masa mai tsayi yadda fitila za ta samu sarari. Haka tabarmar ɗumi ta ƙarƙashin gilashi, in aka danne ta ba inda zafi zai fita, tana iya fasa gilashin ko ta ƙone. Sannan don Allah a riƙa haɗa lissafin wat ɗin duk abin da aka jona a soket ɗaya, a duba abin da aka rubuta a bayansa.

Mai Kunkuru Biyu: Tambaya a gefe, ku yi haƙuri. Tamostat ɗaya ba zai riƙe hawa uku ba in kejin iri ɗaya ne?

Mai Gyaran Wuta: Kan wayar tamostat da ke auna zafi a keji ɗaya yake, sauran biyun a makance yake tafiyar da su. In ka sa shi a ƙasa, na sama ya gasu. In ka sa a sama, na ƙasa ya kwana da sanyi. Kowane hawa da nasa.

Dattijon Zaure: Yara, duk kun yi magana mai kyau, saura awo. Awo ɗaya da rana tsaka ba ya gaya maka komai, don roba da katako a hankali suke tara zafi, sai can yamma abin ke kaiwa ƙarshe. Sayi ma'auni mai riƙe mafi sama da mafi ƙasa, ka sa a gefen sanyin kowane hawa, ya kwana ya wuni. Na biyu, na'urar da ake nunawa daga nesa, zafin fuskar abu take aunawa, ba na iska ba. Ka ture shimfiɗar gefe ka auna ƙasan kejin kansa, a cikin maɓoya, don nan yake kwantar da cikinsa, macijin masara kuwa yana kutsawa cikin shimfiɗa. Na'urar auna zafin goshin mutum ba ta yi sai in tana da wurin sauyawa zuwa auna kaya. Af, ka sa ido kan laima ma. Ƙasa mai ɗumi tana busar da shimfiɗa da wuri, sai saɓa ta zo a yayyage.

Sabon Shiga: Baba, ƙaramar fanka fa?

Dattijon Zaure: In tazarar ba ta wadatar ba, irin ta kwamfuta ta isa. A tsakanin hawa za ka sa ta tana hura ta wuce, ba cikin keji ba.

Sabon Shiga: Na dawo da labari bayan kwana huɗu. Farantan duk sun koma hagu, macijin masara ya sauko ƙasa, sanduna uku-uku a tsakani, ban sa soso ba. Gefen sanyinsa yanzu 24, ya fita daga ruwa, jiya ma ya ci. Sai dai kejin ƙasan yana sauka 20 da asuba.

Kafinta: A kan siminti ka ajiye shi?

Sabon Shiga: E, kai tsaye.

Kafinta: To ga inda sosonka zai yi amfani. Sa allon a ƙarƙashinsa, ko ka yi masa ƙafa, ka sake aunawa gobe da asuba ka turo mana.