Musayar waƙa: wai rai na dawowa?

Ɗan Bangalo
Salam 'yan uwa kwana biyu. Ga wata nan ta hana ni barci, ƙwar biyu ce amsa-amo "wa", mai jin ƙarfi ya ɗora.

Na je karatu can ƙasar Indiya,
Na ji abin da ya sa nake waiwayawa.
Sun ce da ni in an ƙone gawar mutum,
Ransa wani jikin yake komawa.
Abin da ka aikata su suna ce mai karma,
Shi za ka iske ran da kake dawowa.
Ga Shanti Devi 'yar ƙarama a Delhi,
Ta ce a Mathura ta yi aure da haihuwa.
Gandhi ya sa aka kai ta har can garin,
Ta gane gida da dangi ba tambayawa.
Rai ɗalibi ne, duniya makaranta,
Aji guda bai kai mutum ga gamawa.

Ba ni na ƙirƙira ba fa, 1926 aka haife ta, 1935 kwamitin da Gandhi ya kafa ya raka ta Mathura.

Bazazzagi
Kai Ɗan Bangalo an tura ka karatu,
Ka zo da fim ɗin Indiya kana rerawa.
In duniya aji ce ana maimaitawa,
To kai da kari-oba kake zagawa.
Dubu biyar ɗina da ka ci tun bara,
Biya ni yau, ban jiran wata dawowa.

Na Ƙofar Doka
Wayyo cikina kari-oba!! Zazzau ba a ja da ku wallahi, Bakano ya sha ƙasa tun zagayen farko

Ɗan Kurmi
Ku dai Zage-zagi in naku ya yi tari ma cewa za ku yi baiti ne. Baiti uku kacal ya iya, namu ya zuba shida.

'Yar Damagaram
Ku bar ƙanena, me ya kai mu Indiya,
Zancen yana nan tun zamanin Maguzawa.
Mace in ta haifa ya mutu ta kuma haifa,
Wabi ake ce, ɗa guda ke zagawa.
Sai a tsaga kunnen gawa kafin a binne,
Don in ya dawo a gane mai wahalarwa.
A sa wa na baya Ajefas ko Ayashe,
Wai ba a so, ko mutuwa ta bar ɗaukewa.
Ibo su ce ogbanje, ga su Babatunde,
Abiku ko sunansa ne gun Yarbawa.

Sista Mai Allura
Anti ki bar zancen tsaga kunnen jarirai,
Ni a asibiti nake kwana ina dubawa.
In uba AS ne uwa ma AS ce kowane ciki akwai ɗaya cikin huɗu ya zo SS,
Sikila ce take ta kwashewa.
Ga ƙyanda ga maleriya ga ƙarancin jini,
Ba yaro guda ne ke zuwa da komawa.
Ku je gwajin jini kafin a kai lefe,
Ya fi a zo ana kuka da binnewa.

Malam Aruli
Sista maganarki gaskiya ce amma ɗangonki na uku ba ɗango ba ne, takardar asibiti ce, na karanta shi sai da numfashina ya yanke. Sannan ku duka ina da magana da ku, amsa-amon "wa" na ragwaye ne, kowane aikatau ka kama ka liƙa masa wa a gindi shi kenan ka zama sha'iri, komawa dawowa zagawa, kuma "zagawa" ɗin nan har mutum biyu sun ci daga gare ta. Wane bahari ma kuke kai ne? Ni dai na auna baitin farko ya ƙi hawa Kamil ya ƙi hawa Rajaz.

Sista Mai Allura
Malam ni yara nake ceto ba gaɓa nake ƙirga ba. Kai da ka iya ina naka baitin? kullum sai dai gyara

Ɗan Kurmi
Ai shi ne. Kuma Malam wa ya ce dole waƙar Hausa sai ta bi Halilu, mutumin Basra ya auna waƙar Larabawa ne ya fitar da bahari 15, daga baya Ahfash ya ƙaro Mutadarak suka cika 16, makaɗanmu na baka da kalangu da kotso suke auna tasu kuma ba ta karyewa.

Malam Aruli
To ina kalangun naku? In da kiɗa na yi shiru. Rubutacciya ce kuka kawo, rubutacciya kuwa tun zamanin su Shehu da Nana Asma'u a kan ma'auni take tafiya, doguwar gaɓa da gajera kowace da mazauninta.

Na Ƙofar Doka
Malam ka faɗa musu, na Bazazzagi ne kaɗai ya hau

Malam Aruli
Shi ma bai hau ba.

Alaramma
Sai yanzu aka kawo wuta na ga abin da ake ciki. Na bar muku "wa" ɗinku.

Ɗana tanasuhi ake kiran wannan,
Ba yau aka fara jin sa a duniya ba.
Duruz na Labanan suna riƙe da shi,
Malamanmu kuwa ba su karɓe shi ba.
Buɗe Muminuna ka duba aya ta 99,
Mai mutuwa ya ce a mai da ni, ba a amsa masa ba.
"Kalla" aka ce, barzahu na gabansu,
Har ranar tashi ba za su ƙetare ba.
Girman rai nan yake, da tuba da gyara,
Ba a yi wa kowa alkawarin zango biyu ba.

Malam Aruli
Allah gafarta Malam ma'ana ta tsaya daram, sai dai "ba" ɗin nan ƙanen "wa" ne wajen sauƙi.

Ɗan Bangalo
Allah gafarta Alaramma na ji kuma ban bar salla ba, kar a kai ni gaba. Abin da ya tsaya min shi ne aikin wani likitan ƙwaƙwalwa Ian Stevenson na jami'ar Bajiniya a Amurka, 1966 ya fitar da labarin yara 20, daga baya ya tara sama da 2,000, yaro yana shekara biyu zuwa huɗu ya fara cewa ni wane ne daga gari kaza, yana kaiwa bakwai ko takwas ya manta, wasu har da tabo a jiki daidai inda mamacin ya ji rauni. Wannan fa me za a ce da shi? Kai kuma mai bashi ga naka

Bazazzagi yau na gano asalinka,
A zuwan farko jangali kake tarawa.
Shi ya sa dubu biyar ta hana ka barci,
Ka biyo ni har baiti kana ƙirgawa.

Sista Mai Allura
Ƙanena yawancin yaran nan daga inda aka riga aka yarda da abin suke, Indiya, Sirilanka, ƙasar Bama wato Myanmar, Duruz ɗin da Alaramma ya ambata, kuma da tafinta yake hira da su, sau da yawa dangin biyu sun riga sun haɗu sun sha labari kafin ya iso. A nan ma uwar da aka ce mata wabi take yi duk tabon da ta gani a kunne za ta ce shi ne.

'Yar Damagaram
Sista ni fa ban ce na yarda ba, al'ada na faɗa

Bazazzagi
Likitan naka ya kulle wani kwaɗo,
Ya ɓoye lambar babu mai ganewa.
Ya ce in ya mutu zai aiko da saƙo,
Abokan aiki su samu na buɗewa.
Tun 2007 ya kwanta dama,
Ba mu ji an zo da lambar ana murɗawa.
In shi da ya shirya bai aiko da komai,
Kai turo ta banki, ina nan ina dubawa.

Malam Aruli
"Tun 2007" ta yaya ake rera ta? dubu biyu da bakwai ko tu tauzan an sebin, kowacce ka ɗauka ɗangon ya karye

Sista Mai Allura
Malam don Allah dare ya yi ka je ka kwanta