An ce ɗalibai suna fita "seva" duk Asabar: aikin sa kai ne ko bauta?

Mai shirin tafiya: Salamu alaikum 'yan'uwa. A takardun makarantar da ta ba ni gurbin karatu a Indiya an rubuta cewa ɗalibai suna fita seva duk ranar Asabar. Wani ya ce min aikin sa kai ne kawai, wani kuma ya ce bauta ce irin ta Hindu. Waɗanda suka zauna can, don Allah wanne ne?

Tsohon ɗalibin Udaipur: Wa alaikumus salam ƙanena. Dukansu biyun sun faɗi gaskiya. Kalmar Sanskrit ce, asalinta lazimtar wani da yi masa hidima, sai ka duba wa ake yi wa hidimar. Inda ta fi nauyi shi ne wurin mabiya Pushtimarg, tafarkin da Vallabhacharya ya kafa, wanda aka haifa a 1479. Babbar cibiyarsu tana Nathdwara, kimanin kilomita 48 daga Udaipur, inda siffar Shrinathji, wato abin bautarsu Krishna, take tun 1672. Su ba sa kiran wurin ɗakin ibada, haveli suke cewa, wato gida, domin a wurinsu Krishna yaro ne ɗan shekara bakwai da ke zaune a gidansa. To seva ita ce rainonsa daga asuba zuwa dare. An raba yinin gida takwas. Mangala a tashe shi daga barci, Shringar a yi masa ado har a nuna masa madubi, Gwal lokacin fita kiwon shanu, Rajbhog babban abincin rana. Sai a rufe ya huta. Da yamma Utthapan a sake tashinsa, Bhog ɗan abin taɓawa, Arti da fitilu, Shayan a kwantar da shi. Da sanyi ana kunna masa garwashi a ƙara masa tufa mai kauri, da zafi a shafa masa kwaɓin itacen sandal mai ƙamshi. Ƙofa takan buɗe na ɗan lokaci a kowane zango, jama'a su danna su gani, a sake rufewa. Mai yin wannan aiki sai ya yi wanka ya sa tufa masu tsarki, in baƙo ya taɓa shi kafin ya gama sai ya koma ya sake wanka. Shi ya sa za ka ga yana kaucewa idan ka miƙa masa hannu, ba wulaƙanci ba ne. Kuma kada ka ce musu puja, wato ibadar Hindu da aka saba, suke yi, za su gyara maka: puja bin ƙa'ida ce, seva kuwa ƙauna ce. Sun kasa ta uku, ta jiki, ta dukiya, da ta zuci, ta zucin ita ce sama.

Mai jinya a Chennai: Yaya, a kudu kuma tikiti ake yanka mata. A wurin ibadar Tirumala da ke jihar Andhra Pradesh, in mutum ya ce ya samu seva, nufinsa ya biya kuɗi an ba shi damar halartar wani sashe na ibadar da malaman wurin suke yi. Sunanta arjitha seva. Akwai Suprabhatam ta tashin abin bauta wajen ƙarfe uku na dare, Thomala ta ado da furanni, Archana ta karanta sunaye, Abhishekam ta wanka ranar Juma'a, da Kalyanotsavam wadda ma'aurata suka fi nema. Ana sakin tikiti ta intanet watanni kafin ranar, masu tsananin farin jini kuma sai ta ƙuri'a. Abin da ke kayar da mutane biyu ne: sunan da ke tikiti bai dace da katin shaida ba, ko sun zo babu kayan gargajiya, namiji dhoti mace sari. Daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Janairu ma ba a yin Suprabhatam, baitocin Tiruppavai ake rerawa a madadinta. Wanda ba Hindu ba sai ya sa hannu a takardar cewa ya yi imani da abin bautar wurin kafin ya shiga, wannan ka sani tun daga gida.

Malamin tarihi: In ƙara a kan na Hajiya ta Chennai. A Puri ta jihar Odisha seva gado ce. Masu hidimar Jagannath, abin bautar wurin, iyali-iyali ne, kowane gida da aikinsa tun kaka da kakanni, masu girki daban, masu ado daban, masu hawa ƙololuwar ginin su canza tuta kullum daban. Sarkin Puri da kansa ma'aikaci ne a wannan tsari, lokacin bikin Rath Yatra, da ake fito da abin bautar a babban keke, shi ke share keken da tsintsiya mai marikin zinariya. Wanda ba Hindu ba ba ya shiga nan ko kaɗan. A littafin Bhagavata Purana kuma, cikin hanyoyi tara na bhakti, wato ƙaunar abin bauta, ta huɗu ita ce padasevana, hidimar ƙafafun abin bauta. To a duk waɗannan wurare bauta ce tsantsa, babu wani kwana-kwana.

Likita daga Kolkata: Amma Malam, abin da ke takardar yaron nan kusan tabbas ba wannan ba ne. Tun da Swami Vivekananda ya kafa Ramakrishna Mission a 1897 kalmar ta samu sabuwar fuska: yi wa ɗan Adam hidima a kan cewa abin bautarsu Shiva yana cikinsa. Daga nan asibitocinsu na Sevashrama suka fito, irin na Varanasi da na Kankhal. Yau idan makaranta ta ce seva, yawanci sharar unguwa ce, ba da jini, koyar da yaran talakawa, ko raba abinci. Abokin karatunka Hindu yana iya ɗaukar sharar a matsayin ibada a zuciyarsa, kai kuma kana yi da taka niyyar, babu wanda zai tambaye ka. Inda ake samun tangarɗa shi ne farkon taro. Wasu ƙungiyoyin sukan fara da kunna fitila gaban hoto ko siffa, a zagaya da ita kowa ya shafa hannu a kan wutar ya shafa fuska, a ɗiga jan gari a goshi. In ba ka so, ka tsaya baya tun kafin layi ya zo kanka, ka ɗora hannu a ƙirji ka ce kai Musulmi ne. Sun saba, akwai miliyoyin Musulmi a ƙasarsu. Ƙin karɓa bayan an riga an miƙo shi ne ke sa kowa jin kunya.

Ɗan kasuwar magani, Delhi: Kalmar har ofis ta shiga. Passport Seva Kendra ofishin fasfo ne na 'yan ƙasa, kada ka je can da bizarka, taka rajistar ta FRRO ce, wato ofishin rajistar baƙi, cikin kwana 14 da sauka idan bizar ta wuce kwana 180. A kwalin magani kuma za ka ga sevan, ma'anarsa sha, tushensu ɗaya. Wadda zan ja kunnenka a kai ita ce kar seva. A wurin mabiya addinin Sikh aikin gayya ne na gyaran wurin ibada, kamar kwashe laka daga tafkin Amritsar. Amma waɗanda suka rushe masallacin Babri a Ayodhya ranar 6 ga Disamba 1992 su ma kar sevak suke kiran kansu. Kada ka yi wasa da kalmar a cikin mutane.

Mai shirin tafiya: Na gode ƙwarai. To abincin da ake rabawa fa?

Likita daga Kolkata: Ka tambaya ko prasad ne. Prasad shi ne wanda aka fara ajiyewa gaban abin bauta kafin a raba, yawanci alewa ce ko 'ya'yan itace, da hannun dama ake karɓa kuma ba a zubarwa a ƙasa. Na langar ɗin Sikh, wato ɗakin ciyarwa na wurin ibadarsu, girki ne na kowa da kowa, babu nama, ka cire takalmi ka rufe kai, kada ka shiga da taba a aljihu. Hukuncin ci kuwa wannan na malamanka ne, ka tambaye su tun kafin ka hau jirgi.