Fim ɗin gwaji mara magana: wane sauti zan shimfiɗa ƙarƙashin hoton?

Rabi_Hoto:
Assalamu alaikum. Gajeren fim ne na minti 9, ba mai magana, ba labari. Tsohon sito ne da aka daina amfani da shi, haske na shigowa ta hujojin kwano, kowane hoto yana tsayawa daƙiƙa 30 zuwa 40. So nake mai kallo ya ji wurin yana da rai amma ba ya maraba da baƙo. Da kiɗa sai ya koma fim ɗin ban tsoro, ba kiɗa kuma ya mutu murus. Ina da rikodar sauti Zoom H5 da manhajar tace fim DaVinci Resolve. Za a haska shi a zauren baje koli, daga baya YouTube. Ta ina zan fara?

Mai_Rikoda:
Wa alaikumus salam, Malama Rabi. Abin da ya kashe shi shi ne shirun kwamfuta, wato inda ba sauti ko ɗis. Ba ɗakin da ke da shiru irin wannan, shi ya sa kunne ke ɗauka sifika ce ta lalace. Ki koma siton ki ɗauko sautinsa.

A saitin ingancin ɗauka, sa rikodar a WAV, 48 kHz, 24-bit. Kada ki bar ta tana daidaita ƙarfi da kanta, domin wuri na yin tsit za ta ɗago shuuu ɗin na'ura, ya riƙa hawa da sauka. Murɗa da hannu yadda ƙara mafi ƙarfi ba za ta wuce -12 dB a ma'aunin ƙarfin sauti na rikodar ba. A kowane lungu ɗauki minti 4 ko 5, kin ɗora rikodar a kan ƙafa kin matsa nesa. Daƙiƙa 30 ɗin da ake ɗauka a fim mai magana ba za ta ishe ki ba: in kika maimaita ta, kukan tsuntsu ɗaya zai dawo a wuri ɗaya, asiri ya tonu.

Ki je da hantsi. Lokacin da rana ta fara dukan kwano yana buɗewa, yana ƙas-ƙas jefi-jefi, kuma wannan ya fi duk wani kiɗa dacewa da hotonki. Makirufon manne, irin mai faifan fizo (ɗan faifan da ke jin girgiza), in aka liƙa shi a ƙofar ƙarfe ko azara yana kamo rawar da kunne ba ya ji. In da iskar hunturu, soson da ke bakin makirufo ba ya tsare komai, sai hular gashi ta makirufo.

Ɗan_Tace:
Ƙari kan na Malam. In kina son gurnani, wato sauti mai kauri da ke tafiya ƙasa-ƙasa ba yankewa, daga abin da kika ɗauka zai fito. Rage gudun sauti zuwa rabi, zai yi kauri da oktaf ɗaya (cikakken tsanin kiɗa ɗaya), tsawonsa ya ninka. Abin da kika san za ki ja haka, ɗauke shi a 96 kHz don kada siraran sautukansa su dushe. Paulstretch, kayan jan sauti da ke cikin manhajar Audacity, yana iya miƙa ƙugin ƙofa na daƙiƙa 5 sau 10, sai dai yana cinye bugun farko, komai ya zama hazo.

Matsala biyu. Gurnani na 40 zuwa 60 Hz (ma'aunin kaurin sauti, ƙaramar lamba ta fi kauri) sifikar waya ba ta fitar da shi sam, don haka ki ɗora masa wani siririn layi tsakanin 150 da 300 Hz. Sai zumin wutar lantarki: namu 50 Hz ne, da 'ya'yansa a 100 da 150, matatar da ke cire siririn zangon sauti na kawar da su. Na janareto kuwa yawo yake yi da nauyin da aka ɗora masa, matatar ba ta riƙe shi. Gara a jira a kashe.

Yaya_Asabe:
Ni ban goyi bayan gurnani daga farko har ƙarshe ba. Kowane fim ɗin gwaji yanzu da shi yake zuwa, kuma bayan minti biyu kunne ya saba, ya daina jin sa. To ki ci ribar sabon: bar gurnanin ya yi minti 3 har a manta da shi, sannan ki zare shi farat ɗaya, sautin ɗaki kaɗai ya rage. Nan gaban mai kallo zai faɗi.

Abin da ba a gani ya fi tada hankali. Jan buhu a ƙasa daga hagu, sau ɗaya, kuma kyamara ba ta taɓa nuna shi ba. Irin wannan uku ko huɗu sun isa minti 9. Sautin hoto na gaba kuma ya riga shi shigowa da daƙiƙa 1 ko 2, sai yankan ya daina tsalle.

Ƙanwata, a kula: in kiran salla ko karatun Alƙur'ani ya shiga rikodar daga nesa, kada ya faɗa cikin abin da za ki ja ko ki juya baya. Yanke wurin tun kafin ki fara.

Rabi_Hoto:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Haɗin sauti ɗaya zai yi wa zauren da YouTube?

Mai_Rikoda:
A'a, biyu za ki yi. YouTube na rage abin da ya wuce kusan -14 LUFS (ma'aunin ƙarfin sauti yadda kunne ke ji), amma ba ya ɗaga mai rauni, don haka a nasa ki ɗago sautin ɗakin, in ba haka ba mai waya zai ji wayam. Na zaure ki rage amsa-kuwwa, bangon siminti zai ƙara tasa, kuma ki gwada a wurin da majigi da fankoki a kunne, su ke haɗiye ƙananan sautuka. Ki saurari duka biyun a mono, wato hagu da dama a haɗe wuri ɗaya: in wani layi ya ɓace, hagu da dama ne ke soke juna, sai ki rage faɗinsa. In kika ari wani abu daga Freesound, shafin sautuka na intanet, duba lasisinsa. CC0 ba sharaɗi, CC BY sai kin rubuta sunan mai shi a ƙarshen fim, mai NC kuma ba ya shiga aikin da za a sayar.